Al'ada da Inji a Wasan Kwaikwayon Yahudawa: Nazarin "Allah da Mutum da Shaiɗan" na Jacob Gordin

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1900 aka fara nuna wani wasan kwaikwayo a birnin Niyok na ƙasar Amurka, cikin harshen Yidish, mai suna Got, Mentsh un Tayvl, watau "Allah da Mutum da Shaiɗan". Mawallafinsa shi ne Jacob Gordin. Wasan ya ƙunshi labarin wani talaka marubucin Attaura wanda ya sami dukiya dare ɗaya, ya kafa masaƙar inji ta mayafin addu'a, daga nan gidansa ya watse, shi kuma ya hallaka. Duk wanda ya ji wannan taƙaitaccen bayani zai ɗauka cewa jigon wasan shi ne tsohon gargaɗin nan da ke cewa zamani abokin gabar al'ada ne.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa abin da Gordin ya kawo ya fi haka zurfi. A cikin wasan, inji ya shiga gidan tauraron ne ta ƙofar da al'adar kanta ta buɗe masa. Kayan ibada ya riƙa saƙawa, kuma kowane mataki da maigidan ya ɗauka akwai dokar addini da ta ba shi dama. Abin da ya salwanta shi ne niyya da haƙƙin da ke tsakanin mutane, alhali siffar al'adar tana nan yadda take. Domin a fahimci wannan, za a fara da bayanin harshen wasan da mawallafinsa, sa'an nan a kawo labarin a taƙaice, a dubi garin da aka gina shi a kai, kafin a warware jigo.

2.0 Harshen Yidish da Dandamalinsa

Yidish shi ne harshen gida na Yahudawan tsakiya da gabashin Turai. Tushensa daga dangin Jamusanci yake, amma ya ɗauki ɗimbin kalmomi daga Ibrananci da Aramiyanci, musamman na addini da shari'a, da kuma daga harsunan maƙwabta irin su Folanci da Rashanci. Da baƙaƙen Ibrananci ake rubuta shi, daga dama zuwa hagu, kamar yadda Hausa ta ari baƙaƙen Larabci ta yi ajami. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu masu magana da shi sun kai wajen miliyan 11.

Wasan kwaikwayo na sana'a a wannan harshe bai daɗe ba sa'ad da Gordin ya shigo shi. Abraham Goldfaden ne ya kafa ƙungiyar farko a garin Yashi na Romaniya a 1876. A 1881 aka kashe Sarkin Rasha Alexander na Biyu, aka shiga kai wa unguwannin Yahudawa farmaki a kudancin daular, sa'an nan a 1883 gwamnati ta hana wasa da Yidish. Saboda haka 'yan wasa suka bi sahun masu ƙaura. Tsakanin 1881 da 1924 Yahudawa fiye da miliyan biyu suka bar gabashin Turai zuwa Amurka, da yawansu kuwa suka sauka a unguwannin talakawa na gabashin tsibirin Manhattan. A nan dandamalin Yidish ya sami 'yan kallo, sai dai yawancin abin da ake nuna musu waƙe-waƙe ne da raye-raye da barkwanci, irin wanda masu suka suke kira shund, watau shara.

3.0 Jacob Gordin

An haifi Gordin a 1853 a garin Mirgorod, wanda a yau yake cikin Yukren, ya rasu a Niyok a 1909. Ya yi aikin jarida da Rashanci, kuma a 1880 ya kafa wata ƙungiya a garin Yelisabetgrad da nufin a sauƙaƙa addinin Yahudawa, a koma ga koyarwar ɗabi'a ta Attaura da noma, a bar ɗimbin hukunce-hukuncen malamai. Ya isa Amurka a 1891. A shekarar ya rubuta wasansa na farko, Siberiya, wanda shahararren ɗan wasa Jacob Adler ya ɗora a dandamali. Daga baya ya rubuta Sarki Lear na Yahudawa a 1892 da Mirele Efros a 1898. Dukan wasanninsa sun haura saba'in.

Gyara biyu ya kawo waɗanda suka shafi wannan nazari. Na farko, ya dage a kan cewa ɗan wasa ya faɗi abin da aka rubuta masa, kada ya ƙara nasa don neman tafi. Na biyu, ya yaƙi ɗabi'ar sa manyan mutane su riƙa magana da Yidish mai kwaikwayon Jamusanci don a ga sun waye, ya nemi a ji harshen da ake yi a gida da kasuwa. Har ila yau, tarihinsa ya nuna cewa shi ba mai kare tsohuwar al'ada ba ne, domin ya yi shekaru yana sukar ta. Don haka idan aka ga ya nuna kyan gidan marubucin Attaura, bai kamata a ɗauke shi a kan mai begen jiya ba.

4.0 Labarin Wasan a Taƙaice

An tsara wasan da share fage da kashi huɗu. Share fagen a sama yake faruwa, an kuma gina shi a kan ƙissar Ayuba yadda ta zo a littattafan Yahudawa, da kuma buɗewar wasan Faust na Goethe. Shaiɗan ya yi da'awar cewa babu mutumin kirkin da ba zai iya ɓatarwa ba. An jarrabi Ayuba da wahala, an jarrabi Faust da kwaɗayin sani da jin daɗi, to, shi yanzu da kuɗi zai yi aiki. Wanda aka ba shi damar jarrabawa shi ne Hershele Dubrovner, watau Hershele mutumin Dubrovna.

A kashi na farko an nuna gidan Hershele cikin kwanakin Hanuka, idin fitilu na kwana takwas da ke zuwa cikin hunturu. Ya gama rubuta Attaura ke nan. Gidan talakawa ne, amma cike yake da mutane: matarsa Pesenyu wadda ba ta taɓa haihuwa ba, da marayu biyu 'yan'uwan gidan da suke riƙo, Freydenyu da Tsipenyu, da tsohon mahaifinsa Leyzer wanda a da maroƙin biki ne mai barkwanci. Akwai kuma amininsa Khatskl Drakhme, masaƙin mayafin addu'a, da ɗansa Motele. Hershele makaɗin goge ne irin na Turawa, da shi yake bayyana farin cikinsa. Ana cikin haka sai baƙo ya yi sallama, mai suna Uriel Mazik, yana sayar da tikitin caca. Shaiɗan ne cikin siffar ɗan kasuwa. Tikitin ya ci rubul dubu 50.

Daga nan Mazik ya zama abokin shawara kuma abokin ciniki. Ya tuna wa Hershele cewa doka ta yarda ya rabu da matar da ba ta haihu ba, sai ya saki Pesenyu ya auri Freydenyu. Ya kuma ba shi shawarar kafa masaƙar inji ta mayafin addu'a. Kayan inji suka karya kasuwar masu saƙar hannu, har ya zamana waɗanda da suke zama tabarma ɗaya da shi sun koma 'yan ƙodagonsa. Mahaifinsa ya rasa girman da yake da shi a gidan, goge ya yi shiru, amarya ta rasa kulawa. A ƙarshe injin ya kama Motele, ya yi masa raunin da ya zama ajalinsa. Da aka kawo wa Hershele mayafin addu'a jiƙe da jinin yaron, sai ya farga, ya rataye kansa da shi. Shaiɗan kuwa ya amsa cewa bai ci nasara sosai ba, domin kuɗi sun iya lalata mutumin, amma ba su iya kashe nadama a zuciyarsa ba.

5.0 Dubrovna da Sana'o'inta Biyu

Gordin bai ƙagi garin ba. Dubrovna tana bakin kogin Dnieper, a ƙasar da yau ake kira Belarus. A ƙidayar 1897 Yahudawanta sun wuce dubu huɗu, fiye da rabin mutanen garin. Tun ƙarni na 18 aka san ta da saƙar mayafin addu'a, wanda fatake ke kaiwa ko'ina cikin Rasha har yammacin Turai da Amurka. An kuma san ta da marubutan Attaura. Masaƙan garin a gidajensu suke aiki da hannu, dillalai su ba su zare su kuma saye abin da suka saƙa a farashin da suka ga dama. Daga tsakiyar ƙarni na 19 masaƙun inji na manyan birane suka shiga wannan kasuwa, talauci ya yi wa garin katutu, mutane suka yi ta barinsa. Jim kaɗan bayan fitowar wasan, a farkon shekarun 1900, wata ƙungiyar agaji ta Yahudawa ta taimaka aka kafa babbar masaƙar inji a garin domin samar musu aiki. Watau dai 'yan kallon da suka ji sunan Dubrovner sun san abin da ake nufi.

Dole a bambanta hukuncin sana'o'in nan biyu, domin a kan bambancin aka gina wasan. Attaurar da ake karantawa a majami'a naɗaɗɗen littafi ne na fata. Ba ta halatta sai an rubuta ta da hannu, da tawada da alƙalamin gashin tsuntsu ko na kara, a kan fatar dabbar da aka halatta ci. Tana da baƙaƙe 304,805, kuma idan guda ya ɓace ko ya lalace, ba a karatu da ita sai an gyara. Marubuci ba ya rubutawa da ka, sai yana duban wani kwafi. Kafin ya fara sai ya furta cewa don tsarkin littafin yake yi, haka kuma kafin ya rubuta sunan Ubangiji. Aikin yakan ci shekara guda ko fiye. Ko da injin ɗab'i ya yaɗu tun ƙarni na 15, bai taɓa maye gurbin wannan marubuci ba.

Mayafin addu'a, wanda ake kira talit, hukuncinsa daban ne. Ƙyalle ne mai kusurwa huɗu, galibi na ulu, da tuntu a kowace kusurwa bisa umurnin da ke cikin Littafin Ƙidaya, sura ta 15. Zaren tuntun ne ake sharɗanta a kaɗa shi da niyya. Shi ƙyallen ba a sa masa wannan sharaɗi ba, illa dai kada a gauraya ulu da lilin. Saboda haka mayafin da inji ya saƙa halal ne. Duk da haka matsayinsa a gida babba ne: a yawancin garuruwan gabashin Turai namiji ba ya fara yafa shi sai ya yi aure, daga gidan amarya yake zuwa, kuma da shi ake binne mutum bayan an yanke tuntu ɗaya. Abin da Gordin ya yi shi ne ya ɗauke tauraronsa daga sana'ar da ba ta yiwuwa sai da niyya, ya kai shi ga wadda za a iya yi ba tare da ita ba, alhali dukansu biyu sana'o'in kayan ibada ne.

6.0 Warwarar Jigo

6.1 Dokar da Aka Tuna da Ita Bayan Kuɗi Sun Zo

Sakin Pesenyu shi ne tsagewar bango ta farko, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Littafin Mishna, wanda aka tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya, ya ce wanda ya zauna da mace shekara goma ba haihuwa kada ya bar neman zuriya. Auren mace fiye da ɗaya kuwa an hana shi ga Yahudawan Turai tun wajen shekara ta 1000, da wata doka da ake jingina wa Malam Gershom na garin Mainz. Don haka hanyar da ta rage ita ce saki. Amma malaman baya sun sassauta. Moshe Isserles na Krakow, wanda ya rasu a 1572 kuma Yahudawan gabashin Turai ke bin fatawarsa, ya rubuta cewa al'ada ta gudana ba a tilasta wa kowa wannan rabuwa.

Hershele masani ne, ya san dokar tun da daɗewa. Aurensu ya zarce shekara goma nesa ba kusa ba, bai taɓa neman amfani da ita ba, ya ɗauki marayu ya mai da su 'ya'ya. Dokar ba ta canza ba sa'ad da tikiti ya ci. Abin da ya canza shi ne yanzu akwai dukiyar da ke neman magaji. Mazik bai ce masa ya saɓa wa addini ba, hujjar addini ya kawo masa. Auren Freydenyu ma dokarsu ba ta hana shi ba. Amma wadda jiya take 'ya a gidan ta zama matar gida, wadda ta rene ta kuma ta fita. Kowane mutum a gidan ya bar matsayinsa, alhali babu malamin da zai iya cewa ga ayar da aka karya.

6.2 Inji da Abincin Talaka

Haka al'amarin masaƙar yake. Babu laifi a shari'a ga wanda ya sayar da mayafi mai araha, har ma ana iya cewa ya taimaki talakan da da ba ya iya saye. Wannan muhawara kuwa Yahudawan gabashin Turai sun riga sun yi ta a zahiri kafin Gordin. A 1838 wani Bayahude a yankin Alsace na Faransa, Isaac Singer, ya ƙera injin murza ƙullun gurasa marar yisti da ake ci a Idin Ƙetarewa. Da injin ya iso lardin Galishiya, sai malamai suka rabu biyu. A 1859 Malam Shlomo Kluger na garin Brody ya fitar da takardar hani. Daga cikin hujjojinsa akwai cewa inji ba shi da niyya, kuma ƙullu na iya maƙalewa a jikinsa ya kumbura. Ya kuma kawo hujjar cewa matalauta da yawa da aikin gurasar nan suke samun abin yin idi, injin kuwa zai raba su da shi. Malam Yosef Shaul Nathansohn na garin Lemberg ya mai da martani a shekarar, ya halatta. A ƙarshe ra'ayin halatta ne ya fi yaɗuwa, har a 1888 aka kafa kamfanin Manischewitz a Cincinnati ta Amurka, wanda ya shahara da gurasar inji.

Abin lura shi ne hujjar abincin talaka ita ce mafi wuyar tsayawa a gaban shari'a, domin ba a iya auna ta kamar yadda ake auna mintin ƙullu ko yawan baƙaƙe. Ita kuwa Gordin ya ɗauka ya ba ta suna da fuska. Khatskl Drakhme yana wakiltar dukan waɗanda injin ya raba da ƙoshiya. Ba baƙo ba ne ga Hershele, aminin da ya ci tuwon talauci tare da shi ne. Sa'ad da suke daidai, hulɗarsu ta zumunci ce, kowa na da abin da yake bin ɗan'uwansa na mutunci. Da ɗaya ya zama mai masaƙa ɗaya ya zama ma'aikaci, sai hulɗar ta koma ta lada, ita kuwa lada da an biya magana ta ƙare. Injin da kansa bai yi shawara ba. Mutum ne ya saye shi, ya sa farashi, ya ɗora ɗan amininsa a kansa.

6.3 Suna da Alama

Salon wasan ya tallafi wannan jigo. Sunan Shaiɗan rabi biyu ne masu karo da juna. Uriel sunan mala'ika ne, ma'anarsa "Ubangiji ne haskena". Mazik kuwa a Ibrananci "mai ɓarna" ne, kuma da kalmar ake kiran miyagun aljannu. Mai jin Yidish yana jin sunan zai gane cewa ɓarna ce ta yafa rigar haske, ga shi kuma ta shigo gida a daren idin fitilu.

Kayan da ke dandamali ma suna magana. Attaurar da aka gama a kashi na farko aikin hannu ne da ya tara iyali wuri ɗaya. Gogen shi ne muryar zuciyar Hershele, shi ya sa shirunsa ya zama ma'aunin nisan da ya yi. Mayafin addu'a kuwa ya sauya ma'ana har sau uku: ya fara a matsayin tufar ibada da abincin masaƙi, ya koma hajar kasuwa, ya ƙare da jinin ma'aikaci a jikinsa. Idan aka tuna cewa da shi ake binne Bayahude, za a ga dalilin da ya sa Gordin ya zaɓe shi ya zama abin da tauraron ya kashe kansa da shi. Kisan kai babban zunubi ne a addinin Yahudawa. Watau babban laifin da Hershele ya aikata wanda doka ta hana ƙarara shi ne na ƙarshe, kuma shi ne wanda Shaiɗan ya gani ya san nadama ba ta mutu ba.

Wasan bai rasa rauni ba. Tikitin caca hanya ce mai sauƙi ta kawo dukiya, kuma kasancewar Shaiɗan a dandamali na iya rage wa tauraron nauyin laifinsa a idon ɗan kallo. Akwai kuma yawan wa'azi, wanda aka saba zargin Gordin da shi. Sai dai Mazik bai tilasta komi ba. Shawara yake bayarwa, Hershele ne ke sa hannu.

7.0 'Yan Kallo

An gina labarin a Rasha, amma a Niyok aka kalle shi, inda fitaccen ɗan wasa David Kessler ya yi suna da fitowa a matsayin Hershele. Da yawa daga cikin masu sayen tikiti teloli ne da ke wuni a kan keken ɗinki a ƙananan ɗakuna masu cunkoso. Sau da yawa mai wurin ɗan garinsu ne da ya riga su zuwa da 'yan shekaru, yana ɗaukar mutanen garinsu aiki domin ya san ba su da inda za su. Da yawa kuma sun tarar cewa riƙe aiki yana nufin aiki ranar Asabar, ranar da addininsu ya hana aiki. A shekarar da aka nuna wasan, 1900, aka kafa ƙungiyar ƙwadago ta masu ɗinka tufafin mata.

Abin da ya biyo baya ya gaskata tsoron Gordin, ko da yake bai rayu ya gani ba. A ƙarshen 1909 'yan mata masu ɗinki wajen dubu 20 suka shiga yajin aiki a Niyok. Ran 25 ga Maris, 1911, wadda ta faɗo ranar Asabar, gobara ta tashi a masana'antar ɗinki ta Triangle, mutum 146 suka mutu, mafi yawansu 'yan matan Yahudawa da na Italiya. Masu masana'antar, Max Blanck da Isaac Harris, su ma Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga daular Rasha. Ga irin waɗannan 'yan kallo, Hershele da Khatskl mutane ne da suke gani kullum.

8.0 Wani Inji a Wani Wasa

Za a ƙara fahimtar matsayin Gordin idan aka kwatanta wasansa da Fiddler on the Roof, watau "Mai Goge a Kan Soro", wanda aka fara nunawa a Niyok a 1964 cikin Ingilishi, aka kuma nuna shi sau 3,242 a jere. Joseph Stein ne ya tsara shi daga labaran Tevye mai madara na Sholem Aleichem, an kuma sa shi a wani ƙauyen Rasha a 1905. A nan ma akwai inji. Tela Motel, surukin Tevye, ya daɗe yana tara kuɗi har ya sayi tsohon keken ɗinki. Mutanen ƙauye suka zo kallonsa kamar an yi haihuwa, har aka nemi malami ya sa masa albarka.

Bambancin a fili yake. Keken Motel mallakar wanda ke taka shi ne, a gidansa yake, amfaninsa ga iyalinsa yake komawa. Injin Hershele kuwa wani ke da shi, wani ke aiki a kansa. Bugu da ƙari, a wasan 1964 abin da ya tarwatsa ƙauyen daga waje ya zo, watau umurnin hukuma na kora. An rubuta shi bayan kisan ƙare dangi da 'yan Nazi suka yi, wanda ya shafe irin waɗannan garuruwa, har da Dubrovna da aka karkashe Yahudawanta a 1941, saboda haka da idon bege aka dubi tsohuwar rayuwa. Gordin ya rubuta nasa sa'ad da rayuwar take da ranta, ga mutanen da suka fito daga cikinta, shi ya sa ya iya nuna ɓarnar da ke tasowa daga cikin gida.

9.0 Kammalawa

An ga cewa "Allah da Mutum da Shaiɗan" ya tsaya a kan gaskiyar tarihi ta garin Dubrovna, da kan bambancin da dokar Yahudawa ta sa tsakanin aikin da ke bukatar niyya da wanda ba ya bukata. An kuma ga cewa tauraron bai fita daga al'adarsa ba sa'ad da yake rusa gidansa, domin saki da aure da masaƙa duka suna da hujja. Abin da Gordin ya sa a gaban 'yan kallo shi ne haƙƙin Pesenyu da na Khatskl da na Motele, wanda babu littafin da ya ƙayyade adadinsa.

Wasan ya daɗe a dandamali. Joseph Seiden ya mai da shi fim wajen 1950, Nahma Sandrow kuma ta buga fassararsa ta Ingilishi a 1999. Tambayar da ya tayar ma ba ta gushe ba. A yau mayafin inji da gurasar inji sun zama ruwan dare a gidajen Yahudawa, ko da yake akwai masu dagewa a kan na hannu. Ana amfani da kwamfuta wajen duba kurakuran Attaurar da aka rubuta. A 2014 gidan tarihin Yahudawa na Balin ya nuna wani mutum-mutumin inji yana rubuta Attaura da alƙalami, baƙi bayan baƙi, amma ba a karɓi abin da ya rubuta don karatu a majami'a ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne wanda Malam Kluger ya kawo a 1859, watau rashin niyya. An riƙe wannan hujja tasa a kan Attaura. Ɗaya hujjar, ta abincin masu aikin hannu, ita ce Gordin ya kai dandamali a 1900.